Bel ɗin tsohuwar motarka ya fara gardama: a wanke, a sa na Beljiyam, ko a sayi sabo?

Duk wanda ya daɗe yana jan ƙananan tsofaffin motocin nan, irin su Honda Civic, Toyota Corolla, Golf 3, Nissan Sunny da Mazda 323, ya san ƙorafin da masu su ke yi a kan bel ɗin kujera. Wani ya ce in ya cire bel ɗin ba ya komawa, sai ya zube a gefe ƙofa ta datse shi. Wani ya ce sai ya tura sau biyu sau uku kafin makullin ya kama. Na wani ya fi ban tsoro: yana cikin tafiya, mota ta faɗa rami, sai ya ji bel ya ɓalle da kansa. Tun ranar 1 ga Janairun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya, kuma har yau da yawa daga cikinmu yafa shi suke yi a kafaɗa in sun hango jami'ai, su sake shi in an wuce. Wannan rubutu na wanda ya wuce wannan matakin ne. Ya yarda bel ɗinsa ya lalace, yana so ya gyara, amma makanike ya ce a wanke kawai, mai kayan gyara ya ce a sa na Beljiyam, wani aboki ya ce ai akwai sabo a kwali mai araha, shi kuma ya rasa maganar wa zai ɗauka.

Da farko, mene ne ya lalace?

Ba a zaɓen hanyar gyara sai an san inda ciwon yake, domin bel ba abu ɗaya ba ne. Akwai igiyar kanta, wadda aka saƙa da zaren foliyesta. Akwai na'urar da ke naɗe ta, wadda ke ɓoye a cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Akwai makulli mai jan madanni a gefen kujera, da harshen ƙarfe da ke shiga cikinsa. Sai notuna da ƙarafan da suka haɗa duk wannan da jikin mota. A motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama, galibi akwai ƙarin wani abu: ɗan harsashi da ke tashi a lokacin karo ya fizge igiyar ta matse mutum da kujera. Shi sau ɗaya yake aiki, in ya tashi ya tashi ke nan.

Gwajin ba ya buƙatar makanike. Zaro igiyar gaba ɗaya ka bi ta da hannu, kana neman yanka, zarewar zare a gefe, ƙuna, ko wurin da ya yi tauri. Fizge ta da ƙarfi sau ɗaya: dole ta cije nan take. Tura harshen cikin makulli ka saurari ƙarar kamawa, sannan ka ja, ka murɗa, ka girgiza. In ka danna madanni, harshen ya kamata ya yi tsalle ya fito da kansa. Daga nan ka nemi hanyar da ba kowa, kana tafiya a hankali ka taka birki da ƙarfi. Bel mai lafiya zai riƙe ƙirjinka. Na'urar naɗin tana da hanyoyin cijewa biyu, ɗaya na jin fizgar igiya, ɗaya kuma wata 'yar ƙwallon ƙarfe ce da ke motsawa idan mota ta tsaya ba zato ko ta karkace. Fizga da hannu na farkon kawai take gwadawa, shi ya sa gwajin birki yake da muhimmanci.

Makulli shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda a nan ne aka taɓa samun babbar matsala a tarihin ƙananan motoci. A Amurka, masu motocin Honda sun yi ta kai ƙara cewa makullin bel ɗinsu ba ya kamawa, ko ya kama ya saki da kansa, ko ya ɓalle a lokacin haɗari. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, NHTSA, ta bi diddigi, kuma a watan Mayun 1995 aka sanar da janye motoci sama da miliyan 8 ƙirar 1986 zuwa 1991 domin gyara. Kamfanin Takata na Japan ne ya ƙera makullan, kuma abin ya shafi Honda, Nissan, Mitsubishi, Mazda, Suzuki, Subaru, Isuzu da Daihatsu, har da wasu motocin Chrysler, General Motors da Ford. Abin da aka gano shi ne robar ABS da aka yi madannin da ita tana bushewa idan ta daɗe tana shan hasken rana, sai ta riƙa gutsurewa, gutsattsarin su faɗa cikin makullin su hana shi rufewa sosai. An ci tarar Honda da Takata dala 50,000 kowannensu saboda jinkirin sanar da hukuma, kuma bayan shekara biyu motocin da aka gyara ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan ranar Amurka ta iya yi wa roba haka cikin 'yan shekaru, ka auna abin da ranar Sakkwato ko Maiduguri za ta yi wa madannin da ya shekara 25 a motar da ke wuni a fili. Don haka in ka ga jan madanninka ya koɗe ya zama ruwan hoda, ko gefensa ya gutsure, kada ka ɗauke shi a matsayin tsufa kawai.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran: zai riƙe mutum a ranar da ake buƙatarsa? Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma alƙaluman NHTSA sun nuna bel yana rage haɗarin mutuwa ga wanda ke kujerar gaba ta ƙaramar mota da kashi 45 cikin 100. Waɗannan alƙaluman na bel mai lafiya ne. Na biyu, za ka iya tantance lafiyarsa da idonka kafin ka biya? Na uku, ya dace da motarka ba tare da an huda ko an lanƙwasa wani abu ba? Sai ƙarko, da kuɗi, da sauƙin samu. Farashin kayan mota yana bin dala, yau daban gobe daban, don haka ba zan sa farashi ba, sai dai in faɗi hanyar da ta fi araha da wadda ta fi tsada.

Hanya ta farko: wankewa da sharewa

Ita ce mafi araha, kuma tana maganin ciwo ɗaya tak: bel mai kasalar komawa. Yawanci ba sifirin da ke mayar da igiyar ne ya mutu ba. Gumi, man shafawa da ƙurar hunturu ne suka taru a igiyar har ta yi kauri ta yi tauri, sannan zoben da ke sama da kafaɗa, inda igiyar ke bi, ya tara baƙin datti mai danƙo. Ka sa farce ka kankare cikin zoben nan, za ka ga abin da ke fitowa.

A zaro igiyar har ƙarshe, a maƙale ta da abin maƙale shanya don kada ta koma, a jiƙa ta a bokitin ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a goge da burushi mai laushi. A bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin a sake ta, domin in ta naɗe da danshi za ta yi fumfuna, ƙarafan ciki su yi tsatsa. Ban da bilic, ban da fetur ko kananzir, ban da rini. Duk suna cin ƙarfin zaren ba tare da ido ya gani ba. Shi kuma makulli, in ɓawon gyaɗa ko yashi ne ya faɗa ciki, iskar mai faci tana iya fitar da shi. Kada a ɗiga masa baƙin mai ko giris, ƙura zai kama ya ƙara cushewa. Kada kuma a bar kowa ya buɗe murfin sifirin na'urar naɗi, yana tsalle ya warware, yana iya yi wa mutum rauni a fuska, kuma ba ya komawa yadda yake.

Iyakar wannan hanya a fili take. In bayan an hura iska makulli ya sake yin gardama ko sau ɗaya ne, ko igiyar ta ƙi cijewa a gwaji, wanki ya gama nasa.

Hanya ta biyu: na Beljiyam

Nan ne mafi yawan mutane za su tsaya, kuma a ganina ba laifi ba ne, muddin an iya saye. A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, Apo ta Abuja ko Ladipo ta Legas, bel ɗin Corolla, Civic da Golf ba ya wuyar samu. Amfaninsa babba ne: na kamfani ne na asali, ramukan noti sun dace, soket ɗin waya ya dace, kuɗinsa kuma tsaka-tsaki. Matsalarsa ita ce ba ka san tarihinsa ba. Motoci da yawa da ake yankawa a sayar da kayansu haɗari ne ya kashe su, wasu kuma ambaliya.

To amma bel yana faɗin tarihinsa ga wanda ya tsaya ya duba. Zaro igiyar duka. Idan ta taɓa riƙe mutum a karo, za ka ga wani layi mai sheƙi ko tauri a daidai inda ta goga da zoben sama ko da harshen, kamar an ɗora mata dutsen guga, sannan robar da ke jikin harshen takan nuna zanen narkewa. Gefunan igiyar sukan yi lanƙwashe-lanƙwashe maimakon su miƙe. Wasu bel ɗin suna da wani ninki da aka ɗinke a ƙasa kusa da noti, wanda aka yi shi don ya farke a karo. In ya farke, ko wata takardar gargaɗi ta leƙo daga cikin rigarsa, ajiye shi. Idan na ambaliya ne, can ƙarshen igiyar da ke zama a naɗe za ka ga zanen ruwa, ka ji warin fumfuna, ƙarfen kuma da ɗigon tsatsa. Bel mai harsashi da igiyarsa ta ƙame ƙam, ba ta fita ba ta komawa, harsashinsa ya riga ya tashi.

Wani abu da ke rikita masu saye: na'urar naɗi ba ta sakin igiya sai an riƙe ta a tsaye daidai yadda take zama a jikin mota. In ka karkatar da ita, 'yar ƙwallon nan ta ciki za ta kulle ta, ka zaci ta lalace. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa na hagu ba ya zama a dama, na mota mai ƙofa biyu ba lallai ya zauna a mai ƙofa huɗu ba. Ka tafi kasuwa da tsohon naka a hannu, ka gwada lambobin da ke jikin takardar da aka ɗinke a ƙasan igiya. A nan ne ake rubuta sunan kamfani da shekarar ƙira, da alamar E a cikin da'ira ga na Turai, ko FMVSS 209 ga na Amurka. Cikin biyu masu lafiya, ɗauki wanda shekararsa ta fi kusa.

Ka sayi igiya da makullinta tare, daga mota ɗaya. Harshen wata mota yana iya shiga makullin wata har ka ji ƙara, alhali bai kama sosai ba. Kuma ka yi ciniki da sharaɗin canji idan an ɗaura ya faɗi gwajin birki. Mai kaya na kirki ba zai ƙi ba.

Ƙarkonsa ya danganta da shekarunsa. Tsohon abu ne ka maye gurbin tsoho da shi, sai dai galibi wanda ya fito daga ƙasar sanyi robarsa ba ta sha rana kamar taka ba.

Hanya ta uku: sabo na kamfanin motar

Ta fuskar aminci babu na biyunta. Ba shi da tarihin da za ka yi ta zargi, ya dace da motar, harsashinsa sabo ne, kuma zai iya kai motar ƙarshen rayuwarta. Cikas ɗinsa biyu ne. Kuɗi, domin cikakken bel mai harsashi yakan yi tsadar da mai tsohuwar mota zai tsaya ya yi lissafi. Sai samu: motar da ta haura shekara 20, kamfani yana iya daina ƙera kayanta, wadda ake samu kuma sau da yawa sai an yi oda daga Dubai ko Japan an jira makonni.

Akwai dabarar da mutane ba su cika lura da ita ba. Makulli shi kaɗai ana sayar da shi daban, kuma bai kai cikakken bel tsada ba. Idan igiyarka da na'urar naɗinta lafiya lau suke, madanni ne kawai ya mutu, sabon makulli na asali mai lambar da ta dace da motarka shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk wannan lissafi. A ba mai oda lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kada a tsaya a kan "Civic ce ta 98". A kuma yi hattara da kwali mai tambarin kamfani a farashin da ya yi araha fiye da hankali.

Idan motarka daga Amurka ta zo, ka sa lambar shasin a shafin intanet na NHTSA ka ga ko akwai janyewar da ba a gyara ba. Shafin na shekaru 15 da suka wuce kawai yake nunawa, don haka ba zai nuna ta 1995 ba, amma zai yi amfani ga motocin baya-bayan nan. A 2022, misali, Hyundai ta janye wasu Accent da Elantra saboda harsashin bel ɗinsu yana iya tarwatsewa ya watsa ƙarfe a cikin mota.

Hanya ta huɗu: sabo mai shiga kowace mota

Shi ne wanda ake gani a kwali a shagunan kayan ƙawar mota, igiya da makulli da notuna duk a haɗe. Yana da araha, yana ko'ina, kuma sabo ne fil. A cikinsu akwai na kirki da suka ci gwajin ƙa'idar Turai mai lamba 16, akwai kuma waɗanda alamar E ɗin da ke jikinsu bugawa kawai aka yi. Ido ba ya iya raba su da tabbaci, wannan shi ne babban haɗarinsa. Wanda ba shi da sunan kamfani, ba lambar amincewa, ba shekarar ƙira, bai cancanci a ɗaura wa ɗan Adam ba.

Ko na kirkin ne, akwai sharuɗɗa. Ba shi da harsashi, saboda haka bai dace da motar da aka ƙera da shi ba. In aka sa, fitilar SRS, mai gargaɗin matsalar jakar iska da bel, za ta kama a dashbod, daga nan sai mai gyaran wayoyin mota ya ce bari ya sa 'yar resisto don fitilar ta mutu. Fitilar za ta mutu, amma kariyar ba ta dawo ba, jakar iska kuma an tsara ta ne ta yi aiki tare da bel ɗin da ke matse mutum kafin ta iso shi. Sannan dole na'urar naɗin ta zauna a kusurwar da aka ƙera ta, a ramin notin asali. Duk aikin da ya kai ga huda sabon rami a falen mota ko walda, a bar shi. Makulli kuma ya tsaya a gefen ƙugu, igiyar ƙasa ta bi ta kan ƙashin ƙugu. In ya yi tsawo har ya hau ciki, a ranar karo hanji zai matse.

Hanya ta biyar: ɗinki

Ina ambatonta ne saboda ana yi, ba don tana cikin zaɓi ba. Igiya ta yanke, a kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya haɗa, ko ya sa sabuwa daga irin igiyar da ake yi wa jaka hannu. Ƙa'idar Amurka ta ce igiyar da ke bi ta ƙugu a bel mai maɗauri uku kada ta tsinke ƙasa da nutan 22,241, wato nauyin da ya haura tan 2. Keken ɗinki na kasuwa da zarensa ba a yi su don wannan ba, kuma babu yadda za a gwada aikin sai ranar haɗari. Haka ɗaure igiya da ƙulli, haka sa waya ko ƙusa a makulli, haka ɗan ƙarfen nan da ake sokawa don ƙarar gargaɗi ta yi shiru.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Wankewa | Kusan kyauta | Sai an riƙa maimaitawa | A gida ma ana yi | Kaɗan, in kasalar komawa ce kawai |
| Na Beljiyam | Tsaka-tsaki | Ya danganta da shekarunsa | Yana samuwa a manyan kasuwanni | Matsakaici, yana raguwa da iya dubawa |
| Sabo na kamfani | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Oda da jira, wani ma babu | Mafi ƙanƙanta |
| Mai shiga kowace mota | Araha | Ba tabbas | Yana ko'ina, ɗaurawa ce aiki | Babba, in ba a san kamfaninsa ba |
| Ɗinki | Araha sosai | Ba a dogara da shi | Nan take | Mafi girma |

Kowace hanya aka bi, a mayar da notunan asali a ɗaure su tam. In bel ɗin mai waya ne, yawanci soket ɗinsa rawaya, a cire kan batir a jira 'yan mintoci kafin a taɓa shi, kuma kada a bar mai waya ya gwada shi da fitilar gwaji, wuta kaɗan tana iya tayar da harsashin.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Idan bel ɗinka yana cijewa, makulli yana kamawa da turawa ɗaya, komawa ce kawai yake yi da kasala, wanke shi ka riƙe kuɗinka.

Idan makulli ne ke saki ko madanni ya gutsure, fara neman sabo na asali. In babu, ka sayi cikakken saiti na Beljiyam, igiya da makulli tare. Kafin a samu, kada kowa ya zauna a wannan kujerar a tafiyar babbar hanya.

Idan motar ta taɓa yin karo mai ƙarfi, a hannunka ko kafin ta zo hannunka, duk bel ɗin da ke jikin mutum a lokacin a canza shi ko da ido bai ga komai ba. Mai harsashi kuma sai da mai harsashi irinsa, sabo in aljihu ya kai, in bai kai ba na Beljiyam da aka duba da kyau, kuma fitilar SRS ta kama in an kunna mota ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu.

Direban haya da ke jigila tsakanin Kano da Zariya ko Katsina, wanda ake ɗaura bel ɗinsa ana cirewa wuni guda, na Beljiyam mai ƙarancin shekaru ya fi dacewa da shi, tare da duba makullin kujerar fasinja duk lokacin da aka je juyen mai, domin ita ce ta fi shan wahala. Mai iyali da ke ɗaukar yara ya ɗaga kujerar baya ya zaro makullan da suka nutse a ƙarƙashinta, ya yi musu gwajin da ya yi wa na gaba.

Mai shiga kowace mota kuwa, wurinsa ɗaya ne: tsohuwar motar da ba ta da harsashi ba ta da jakar iska, wadda aka nemi nata na asali sabo da tsoho aka rasa. A nan ma sai mai sunan kamfani da lambar amincewa, a ramin notin asali, kuma a fita da motar a taka birki a ji ya cije kafin a biya kuɗin aiki.